Gudun Kwana da Kwanaki Daga Gari Zuwa Gari: Amsoshin Tambayoyin Matasan Katsina da Daura

Duk lokacin da labarin wani da ya ratsa ƙasa da gudu ya zagaya a wayoyi, sai matasan da ke fita motsa jiki bayan sallar asuba a Katsina su hau lissafi. Wannan ya ce shi Kano zai nufa, wancan ya ce Abuja, wani ma Legas yake hange. Niyyar tana burge ni, kuma ba na son a kashe wa kowa gwiwa. Abin da ke damuna shi ne yawancin tambayoyin da ake kawo mini a kan ranar tashi suke, alhali wannan harka sai an kwana uku ko huɗu a hanya take nuna ainihin fuskarta. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa, da abin da nake faɗa wa masu su.

Malam, mene ne bambancin wannan da gudun fanfalaki da muke gani a talabijin?

Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, a yi shi a wuni ɗaya a tashi. Wanda ya gama zai iya kwanciya mako guda yana jinyar cinyoyinsa, ba mai ce masa komai. Shi kuwa mai ratsa ƙasa, abin da ya yi yau shi zai maimaita gobe, ya maimaita jibi, a kan ƙafafun da ba su gama hucewa ba. Don haka lissafinsa daban ne. Ba iyakar nisan da zai iya kaiwa yau yake aunawa ba. Yana auna nisan da zai yi yau, gobe kuma ya iya tashi da asuba ya ɗaura takalmi. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Da gaske akwai waɗanda suka yi, ko labarin intanet ne kawai?

An yi, kuma yana rubuce. A 1980 wani matashi ɗan Kanada, Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafar dama saboda ciwon daji, ya tashi daga gabashin ƙasarsu da ƙafar roba yana tara kuɗin binciken cutar. Kwana 143 ya yi a hanya, ya ci kilomita 5,373, kafin cutar ta kama huhunsa ta tsayar da shi. Ya rasu a 1981. A 2016 Pete Kostelnick ya ratsa Amurka daga San Francisco zuwa New York, kimanin kilomita 4,900, cikin kwana 42 da awa shida da rabi, wato sama da kilomita 110 a kullum.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Sahara. Daga ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007 mutum uku, Charlie Engle da Ray Zahab da Kevin Lin, suka tashi daga gaɓar teku a Senegal, suka bi ta Muritaniya da Mali, suka ratsa Nijar ta Agadas, suka shiga Libiya, suka ƙare a bakin Bahar Maliya a Masar, cikin kwana 111. Sai kuma Russ Cook ɗan Ingila, wanda ya tashi daga ƙarshen Afirka ta Kudu a watan Afrilun 2023, ya biyo ta Najeriya, ya isa arewacin Tunisiya a Afrilun 2024: kwana 352, sama da kilomita 16,000, ƙasashe 16. A hanya 'yan fashi sun tare shi da bindiga a Angola, ya yi fama da ciwon baya, ya kuma ga jini a fitsarinsa. Ina ambatar wannan ne saboda hoton ranar isowa kaɗai ke yawo a waya.

A gida ma, bayan zaɓen 2015 an ga matasa da dama sun yi tattaki daga gari zuwa gari, har da wanda ya tako daga Legas zuwa Abuja. Tattaki ne ba gudu ba, amma wahalar ƙafa da ta rana iri ɗaya ce.

Ai kakanninmu sun je Gwanja da Makka a ƙafa. Ba a jininmu abin yake ba?

Sun je. Fatake sun yi ta zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, a arewacin Gana ta yau, suna kai kanwa da tufafi da fatu su sayo goro, tafiyar watanni. Alhazan da sun bi ta Barno da Chadi da Sudan har bakin teku, wasu sai sun yi shekaru kafin su dawo. Amma duba yadda suka yi ta. Ayari yana da madugu wanda ba a ƙetare maganarsa. Ana da zango da aka san akwai ruwa a wurin. Ana sammako, a sauka kafin rana ta gama cin mutane, kuma saurin kowa shi ne saurin jaki mai kaya. Sannan waɗannan mutane tun suna yara ƙafa ce abin hawansu. Mu yau a kan babur da mota muka tashi, jikinmu bai sami wannan horon ba. Abin da za mu gada a wurinsu tsarin ne. Ƙarfin ƙafa kuwa sai kowa ya gina nasa.

Kilomita nawa ya kamata in yi a rana?

A ganina, wanda bai taɓa yi ba kada ya wuce 25 zuwa 35 a rana, ko da ya saba dogon gudu. Wanda ya daɗe a harkar yana iya riƙe 40 zuwa 50. In ka raba nisan Russ Cook da kwanakinsa za ka samu kimanin 46 a rana, kuma shi da mota da mutane suke binsa. Lissafin Kostelnick kuwa kada ka kalle shi ma. Wannan gwani ne da ya shekara da shekaru yana irin wannan gasa.

Daga Katsina zuwa Daura ta Mashi kimanin kilomita 80 ne: ka ba shi kwana uku. Katsina zuwa Kano kimanin 170 ne: kwana biyar ko shida. Kada ka yi maganar Abuja ko Legas sai ka gama waɗannan lafiya.

A kwana ukun farko ka yi ƙasa da abin da kake jin za ka iya. Nan ne matasa suka fi faɗawa rami: jiki sabo, abokai suna ɗaukar bidiyo, mutanen ƙauye suna ɗaga hannu, sai mutum ya ƙara kilomita goma a kan abin da ya tsara. Wannan goman a rana ta huɗu zai biya ta. Ka riƙa aunar ƙarfinka kamar yadda uwargida ke aunar hatsin rumbu don ya kai ta kaka. Galibi tsakanin rana ta uku da ta biyar ne jiki ya fi yin tsami, ƙafa ta kumbura, zuciya ta fara raya maka komawa gida. Wanda ya wuce nan ba tare da rauni ba, sau da yawa a mako na biyu yakan ji jiki ya fara karɓar aikin.

Ka kuma raba wunin biyu. Kaso mafi girma daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, kamar ƙarfe goma. Sai a nemi inuwa, a ci, a kwanta. Ragowar bayan la'asar, a tsaya kafin magariba.

In na haɗa da tafiya, ban yi ha'inci ba?

Ba ka yi ba, ƙanena, muddin ba ka ce wa mutane gudu zalla ka yi ba. Yawancin masu irin wannan tafiya haɗawa suke yi: sassarfa ta 'yan mintoci, tafiya ta minti ɗaya ko biyu, a hau tudu da tafiya, a ci abinci ana tafiya. Ka fara haɗawa tun kilomita na farko, kada ka jira sai gajiya ta tilasta ka. A 1983 wani manomi ɗan Ostireliya mai shekara 61, Cliff Young, ya lashe gasar kilomita 875 daga Sydney zuwa Melbourne cikin ƙasa da kwana shida, da wata irin sassarfa mai jan ƙafa wadda ba ta ɗaga sawu sosai daga ƙasa. Ƙaramin taku mara tsalle shi ke raga wa gwiwa da idon sawu. Ma'auni mai sauƙi: in ba za ka iya hira da wanda ke gefenka ba, ka yi sauri da yawa.

Ina buga ƙwallo kullum da yamma. Wata nawa nake bukata na shiri?

Ƙwallo tana ba ka numfashi da zafin nama, amma ba ta koya wa ƙashi da agara jure dukan kwalta na awa biyar ba. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni; ƙashi da jijiyoyi sai watanni. Wannan giɓin ne ke jawo rauni, domin mutum yana jin numfashinsa lafiya lau sai ya ɗauka ƙafarsa ma ta shirya. Ka ba kanka aƙalla wata shida. Ka riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan a kowane mako, kowane mako na huɗu ka rage. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dogon gudu kwana biyu a jere, Asabar da Lahadi misali, daga baya ka mayar da shi kwana uku, don ka san yadda ake tashi a kan gajiyar jiya. Takalmi da safa da abincin da za ka tafi da su, duk a wannan lokacin za ka gwada su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin komai ka je asibiti a auna maka hawan jini da suga, a saurari zuciyarka, ka kuma san nau'in jininka ta fuskar cutar sikila, wato ko AA ne, ko AS, ko SS.

An ce ni AS ne. Zan iya?

Yawancin masu AS suna motsa jikinsu lafiya. Sai dai an san cewa haɗuwar tsananin zafi da ƙarancin ruwa a jiki da matsa wa kai fiye da kima na iya jefa su cikin haɗari mai tsanani. Ka zauna da likita ka gaya masa ainihin abin da kake shirin yi, kuma masu rakiyarka su sani. Mai SS kuwa, wannan tafiya ba tasa ba ce.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Daga Nuwamba zuwa Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Katsina da Daura yana haura digiri 40, kwalta kuma tana mayar maka da shi daga ƙasa. Ban yarda kowa ya gwada a bazara ba. Damina tana zuwa da sauro, da jiƙaƙƙen takalmi mai jawo bororo, da gefen titi da ruwa ya zaizaye. Hunturu ma yana da nasa. Ƙura tana tayar da asma da tari. Hazo yana hana direba hango ka da sassafe. Iska tana busar da gumi nan take, sai ka ɗauka ba ka zufa alhali ruwa yana fita. Ka tanadi rigar sanyi mara nauyi ta asuba, da ƙyallen rufe hanci, da man leɓe.

Wace hanya zan bi, ganin halin da tsaro yake ciki?

Wannan tambayar ba na son a yi mata kara. Kowa a jihar nan ya san abin da al'ummar Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka sha a hannun 'yan bindiga, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Mai gudu a gefen titi, a gajiye, wanda ya riga ya sanar a Facebook inda zai kwana gobe, ya fi kowa sauƙin tarewa. Kada ka ɗora tafiyarka a kan hanyar da ta kusanci dajin Rugu, ko da wani ya ce maka kwana biyu an samu sauƙi.

Hanyoyin da na fi ba da shawarar a fara dubawa su ne Katsina zuwa Daura, da Daura zuwa Kano ta Kazaure, da Katsina zuwa Kano ta Charanci da Kankiya da Tsanyawa da Bichi. Garuruwansu ba su da nisa da juna, akwai ruwa da abinci da asibitoci. Duk da haka kullum da yamma a tambayi direbobin tasha da masu gari labarin gaba, domin su suka fi kowa sanin abin da ya faru jiya. Ka riƙa sanya hotunanka bayan ka bar wuri, ba kafin ka isa ba.

Haɗarin da ba a cika maganarsa ba shi ne mota. A Najeriya mota dama take bi, don haka kai ka bi gefen hagu, kana fuskantar masu tahowa. In tirela ta doso, za ka ji ƙarar tun daga nesa, sai iskarta ta buge ka a ƙirji ta watsa maka tsakuwa a ƙwauri. Kada ka jira wannan, ka sauka ƙasa tun tana nesa ka ba ta hanya. Ka lura da mai wuce wata mota daga bayanka, domin shi a layinka yake shigowa kuma ba ka ganinsa. Ka sa riga mai ƙyalli, kada ka toshe kunne da abin sauraron waƙa, kuma ba gudun dare ko kaɗan.

Ruwa nawa zan sha?

A zafin ƙasarmu mai gudu yana iya zubar da gumin lita ɗaya zuwa biyu a awa guda, kuma gishiri yana fita tare da shi. Ƙarancin ruwa kowa ya san illarsa. Abin da ba a sani ba shi ne yawansa ma yana kisa. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla, ba gishiri ba abinci, gishirin jininsa yana iya sirkuwa ya yi ƙasa: kai ya yi ciwo, zuciya ta tashi, yatsu su kumbura, mutum ya ruɗe, wani har ya suma. Don haka ka sha kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishirwa, ka riƙa haɗawa da ruwan gishiri da sukari. Ana sayar da ƙullinsa a kemis. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi.

Fitsari shi ne mai ba ka labari. Ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. In ya yi duhu ya ƙanƙance, ka ƙara sha ka rage tafiya. Kuma ba kowace rijiya za ka sha ba. Gudawa ta kwana ɗaya ta isa ta rushe shirin wata shida. Masu rakiya su ɗauki ruwan da aka amince da shi.

Me zan ci? Sai na sayi irin abincin 'yan wasan Turai?

A'a. Abin da ke tasha da bakin kasuwa ya isa. Lissafin da ake yi shi ne kowane kilo na nauyin jikinka yana cin kimanin kalori ɗaya, wato ma'aunin kuzarin da jiki ke samu daga abinci, a kowace kilomita. Mai kilo 65 da ya yi kilomita 40 ya ƙone wajen kalori 2,600, ban da abin da jiki ke ci don rayuwar yau da kullum. Ka ga kenan kusan ninki biyu na abin da ka saba ci kake bukata, a lokacin da gajiya da zafi suka kashe maka sha'awar abinci. Dole ka ci ko ba ka so.

Kafin fita, kunu ko shayi da burodi. A hanya, dabino da ayaba da gyaɗa mai gishiri da ƙuli-ƙuli, loma-loma kowane rabin awa, kada ka jira yunwa. Da ka tsaya, cikin awar farko ka sa wani abu a ciki, domin a lokacin ne tsoka ta fi saurin mayar da abin da ta ƙone. Fura da nono ta dace da wannan sosai, ga gero ga nono ga ruwa, amma ka tabbatar da tsabtar ruwan da aka dama ta da shi. Da rana shinkafa da wake ko ɗanwake da ƙwai, da dare tuwo da nama ko kifi. Yaji mai yawa da maiƙo kafin gudu suna ɓata ciki. Lemon kwalba mai sa kuzari kuma ba abinci ba ne, yana kuma hana barcin da ka fi bukata.

Yaya zan kula da ƙafata?

A nan nake so ka fi natsuwa, domin abin da ke mayar da mutane gida sau da yawa bai wuce faɗin kwabo ba.

Takalmi ya fi wanda ka saba sawa girma da rabin lamba ko lamba guda, saboda ƙafa tana kumbura bayan kwana biyu. Ka tafi da biyu kana musanyawa, dukansu waɗanda ka riga ka yi gudu da su. Kambas na gudu yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800. In na gwanjo ka saya, wani ya riga ya cinye wani kaso, don haka ka juya ƙasansa ka duba ko ya ci ta gefe ɗaya, ka danna ka ji ko sauran taushi. Safar auduga tana riƙe gumi, ka nemi mai saurin bushewa. Farce a yanke shi kwana uku kafin tashi.

Bayan kowace alwala ka zauna ka goge ƙafa da tawul, ka bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ka bar iska ta bi ta kafin ka mayar da safa. Jiƙaƙƙiyar fata a cikin takalmi ita ce uwar bororo. In kana gudu ka ji wani wuri yana ɗumi kamar ana goga shi, ko ka ji ɗan yashi ya shiga, tsaya nan take, cire, kakkaɓe, manna filasta. Minti uku ne. In ka ce bari ka kai wancan ƙauyen, kafin ka kai ya riga ya ɗuri ruwa.

Da dare, bayan isha'i, a wanke ƙafa da sabulu, a haska ta da fitila a duba ta sosai: dunduniya, ƙasan babban yatsa, gefen ɗan ƙarami, ƙarƙashin farata. Ƙaramin bororo mara zafi a rufe shi a ƙyale shi. Babba mai hana taku a goge shi da aidin, a huda gefensa da sabuwar allurar sirinji, a matse ruwan da auduga, a bar fatar a wurinta don ita ce murfinsa, a rufe. In ja ya fara yaɗuwa, ko mugunya ta fito, asibiti. Mai ciwon suga kada ya huda da kansa. Faso na hunturu kuma man kaɗanya ne maganinsa, a shafa da dare. Matsematsi da hammata a shafa basilin tun kafin fita. Sannan a kwanta a ɗora ƙafafu a kan jaka su fi ƙirji tudu. Barcin awa bakwai ko takwas a cikin gidan sauro yana cikin aikin, ba hutu daga aikin ba ne.

In jiki ya yi tsami, wane magani zan sha in ci gaba?

Ina roƙonka da girman Allah, kada ka mayar da ƙwaya abokiyar tafiya. Ibuprofen da diclofenac da danginsu, in aka sha su ana dogon gudu cikin zafi jiki ba ruwa, suna iya illata ƙoda, suna kuma cin ciki. Haɗin da masu talla ke ƙullawa a leda ba ka san abin da ke ciki ba. Tramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa samari a unguwanninmu. Zai ɓoye maka ciwon ka ci gaba da taka raunin har ya zama babba, ya kuma bar ka da jaraba. Tsamin tsoka na gajiya da abinci da barci da rage nisa ake maganinsa. Ciwon da ya ƙi tafiya sai da ƙwaya, jiki ne ke cewa a duba shi.

To yaushe ne dole in tsaya?

In fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ko ya ɗauke, wannan alama ce tsoka tana narkewa tana toshe ƙoda. Asibiti, ranar nan. In mai gudu ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko faɗa ba dalili a cikin zafi, zafin rana ne ya buge shi, kuma yana kisa cikin ɗan lokaci: a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, ana yi ana nufar asibiti. Ciwon ƙirji, ko suma, ko zazzaɓi, duk tsayawa ce. Haka ciwon da za ka iya nuna shi da yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri ko tafin ƙafa, wanda ke ƙaruwa da kowane taku. Wannan yana iya zama tsagewar ƙashi, hoto yake bukata, ba matsa ba.

Wanda zafi ya ruɗa ba ya sanin ya ruɗe. Saboda haka tun a gida, a gaban iyaye, a yi yarjejeniya cewa mutum ɗaya cikin masu rakiya yana da ikon cewa an tsaya, kuma ba musu. Ka zaɓi wanda ba ya jin nauyinka, wanda ya fi son ranka a kan sunan da za ka yi. Surutun mutane in ka dawo ba ka kai ba, na 'yan kwanaki ne. Wankin ƙoda ba na 'yan kwanaki ba ne.

Zan iya tafiya ni kaɗai da jakata?

Ban ba ka shawara ba. Aƙalla mutum biyu da mota, ko babur in tafiyar gajeriya ce. Su ne masu riga ka zuwa gaba su jira ka da ruwa kowane kilomita biyar, su nemi masauki, su sayi abinci, su san asibiti mafi kusa a kowane zango. Ka ɗauki katin shaida da takarda daga mai unguwa ko hakiminku mai bayyana ko kai wane ne da abin da ya fito da kai, ka sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra. Duk garin da za ku kwana, ku fara da gaida mai gari. A wannan zamani baƙon da ba a san da zuwansa ba abin tsoro ne ga mutane, kuma suna da hujja. Wanda ya yi sallama ya gabatar da kansa kuwa, za ka sha mamakin karamcin da zai gani.

Sallah fa, da azumi?

Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, ya mayar da mai raka'a huɗu biyu, in tafiyar ta kai nisan da shari'a ta ƙayyade, wanda a Malikiyya ya kama kimanin kilomita 80. Ka zauna da malaminku ka zayyana masa tsarin tafiyar, ya yi maka bayanin ƙasaru da haɗa salloli yadda ya dace da halinka. Tsarin da na faɗa a sama ma a kan lokutan sallah ya zauna. Ka ware kaya masu tsabta na sallah, wandon gudunka kuma ya rufe gwiwa. Ramadan kuwa kada ka sa tafiyar a cikinsa. Wata goma sha ɗaya sun ishe ka zaɓi.

Yaya, ni mace ce. Wannan harka ta maza ce kaɗai?

Ba tasu ba ce su kaɗai, 'yar'uwa. A 2023 Jenny Hoffman, malama a jami'ar Harvard, ta ratsa Amurka cikin kwana 47 da rabi. A wurinmu abin da za ki ƙara a kan duk abin da na faɗa shi ne yardar gida, da muharrami cikin masu rakiya, da mace 'yar'uwarki a tare da ke, da masaukin da aka tsara tun kafin a tashi. Sutura mai rufe jiki mara nauyi, mai haske, wadda iska ke ratsawa, ita ma kariya ce daga rana. Ki sa a auna miki jini, domin ƙarancinsa ya yi yawa a tsakanin mata, kuma dogon gudu yana ƙara shi.

Baba ya ce ban da shi, Inna ma kuka take yi. In tafi kawai?

Kada ka tafi. Tsoronsu a kan gaskiya yake. Ka kai musu takardar likita, da sunayen garuruwan da za ka kwana, da mutanen da za su raka ka, ka nemi wani kawu ko malami da suke jin maganarsa ya zauna da su. Ka fara da Daura su ga ka je ka dawo. In duk da haka suka ce a'a, ka haƙura ka ci gaba da atisaye a gida har Allah Ya sa su sauko.

Ta yaya mutane za su yarda ban hau mota ba?

Duk inda ka tsaya da yamma ka yi alama, ka ɗauki hotonta, gobe mota ta dawo da kai daidai wurin, ko da masaukinku yana gaba da kilomita biyu. Agogo ko manhajar waya mai bin sawu, irin Strava, ta riƙa ɗaukar kowane zango. Ka riƙe littafi, a kowane gari wani dattijo ko jami'i ya sa hannu da kwanan wata. In kuma da sunan marayu ko marasa lafiya kake tara kuɗi, kuɗin tafiyarka daban, nasu daban, kuma ka fitar da lissafin kowa ya gani.

In na isa, shi ke nan?

Da saura. Ƙafa tana iya ci gaba da kumburi na kwanaki, yunwa ta yi ta damunka, barci ya rikice. Wasu kuma sukan ji wani irin kasala da ɓacin rai bayan hayaniyar tarba ta lafa, saboda abin da ke tashinsu da asuba ya ƙare; ka gaya wa na kusa da kai in ka ji haka. Ka ba jiki mako biyu zuwa uku ba gudu, sai tafiya a hankali cikin unguwa. In fitsari bai washe ba, ko wani ciwon ƙashi ya wuce mako guda, ka koma wurin likitan da ya duba ka kafin tashi, ka tafi masa da littafin tafiyarka ya ga nisan da ka yi a kowace rana.